Tsagar Taurari

A Mai Wurno, daren da aka ɗauke wuta,
na fito tsakar gida da kwamfuta, cajinta ya kusa ƙarewa.
Iya Ladingo na kan angarib, ƙafa ɗaya a ƙasa,
tana jan carbi, idonta na kan farin layin nan
da take kira Burtalin Sama.
Mutanen gidan Babikir, can bayan katanga,
Hanyar Ƙaiƙayi suke ce masa.

Ta ce, Sakina, me kike ƙirgawa tun magariba?
Na ce, baƙi nake nema, Iya.

Burtalin nan gari ne.
'Yan garin suna kewaya tsakiyarsa
kamar masu ɗawafi, kafaɗa da kafaɗa, fuska guda.
Amma can gefe, inda haske ya yi tsilli-tsilli,
akwai waɗanda ba su bin sahu.
Wani ya juya wa jama'a baya, yana tafe ta hannun da ba a bi.
Wani ya kutsa ciki, ya ɓulle, ya sake dawowa
kamar ƙoshiya a hannun masaƙi.
Tafiyarsu ce ke fara tona su.

Ta ce, tafiya ba shaida ba ce.
Ɗan gari ma yakan yi tuntuɓe, ya saki hanya.

Na ce, haka ne, shi ya sa muke duba fuska.
Muna tsaga hasken tauraro har ya zama bakan gizo,
sai baƙaƙen layuka su fito a jikinsa, sirara,
irin askar da ke kumatunki.
Wannan layin na ƙarfe ne. Wannan magnesiyam. Wancan alminiyam.
Wanda aka haifa a ƙaramin gari, inda murhu ke ci a hankali,
awonsa daban ne.
Abin da ya sha a nonon uwa yana nan,
bai wanku ba.

Ta ɗaga hannu ta shafa kuncinta.
Tsaga uku. Wanzamin da ya yi su
ya koya ne wajen wani da ya taho a ƙafa daga Haɗeja,
da niyyar Makka, da jaki, da tukunya ɗaya,
Nilu ya tare shi, damina ta riƙe shi,
sai dawa ta nuna, sai aka yi haihuwa.

Ta ce, garin nasu fa, yana ina?
Na ce, babu shi. Babban ya janyo shi, ya yayyage shi
kamar tsohon zane.
Sai dai mu tsinci zaren ɗaya bayan ɗaya,
mu ce wannan da wancan saƙarsu guda.
Dubu huɗu da ɗari biyu na ware a jerin nan.
Kan goma sha bakwai ina shakka.

Tun yaushe suka zo?
Shekara biliyan goma, ko kusa.

Sai ta yi dariya har carbi ya faɗi.
Biliyan goma, kuma har yau baƙo?
An ce baƙo raɓa ne.
Wannan raɓa taku ta ƙi jin rana.

Ban gaya mata ba, amma na tuna akawun Sinnar,
da takardata a hannunsa,
yadda ya saurari Larabcina, babu gargada ko ɗaya,
ya ce in sake faɗin sunan kakana.

Allon ya yi duhu.
Ƙamshin agashe ya taso daga bakin hanya,
kogi na wucewa, ba ya tambayar kowa.

Iya ta ce, nuna min ɗaya.
Na ce, yawancinsu ido ba ya kai musu.
Ta ce, to goma sha bakwan nan, ki ƙyale su haka,
kada ki rubuta musu komai tukuna.

Ta juya ga bango.
Ni kuwa na zauna da lambobin a kaina
har ladan ya yi gyaran murya.